Saƙon talho: wa ke riƙe da mabuɗin?

Ran Litinin 4 ga watan Oktoba na shekara ta 2021, bayan sallar la'asar, jama'a a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suka yi ta jujjuya talhonsu, suna kashewa suna kunnawa. Waɗansu suka ce katinsu ne ya ƙare, waɗansu suka ɗora laifi a kan rezo. Alhali kuwa abin ba daga nan ya taso ba. Can Amurka ne ma'aikatan kamfanin Facebook suka yi kuskure wajen gyaran injunansu, sai WhatsApp, Instagram da Facebook ɗin kansa suka ɗauke gaba ɗaya a faɗin duniya har wajen awa 6. Ɗan kasuwar da ke jiran labarin kayansa daga Kwatano, da uwar da ke jiran muryar ɗanta ɗan ci-rani, da ma'aikacin da zai aika wa shugabansa takarda, duka suka zauna jugum, domin hanyar da suke bi guda ɗaya ce, kuma mai ita ɗaya ne.

Wannan lamari shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa masu karatunmu bayani a kan wani irin manhajojin aika saƙo da ake yawan zancensu a ƙasashen Turai, waɗanda aka gina da niyya biyu: su rufe asirin mai magana, kuma kada su kasance a hannun maigida guda.

Bari mu fara da misalin da kowa ya sani. Mutum ya rubuta wasiƙa a Tawa, ya sa ta cikin ambulan, ya manna tambur, ya jefa a gidan waya. Wasiƙar nan tana iya isa Kano ko Makka ko Paris, ba don hukuma ɗaya ce ke mulkin gidajen wayar duniya ba. Kowace ƙasa da nata gidan waya, amma tun shekara ta 1874 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern na ƙasar Suwis cewa kowa zai karɓi wasiƙar ɗan'uwansa ya isar da ita. In gidan wayar wata ƙasa ya tsaya, na sauran suna nan suna aiki. WhatsApp kuwa ba haka take ba. Ita kamar wani babban attajiri ne da ya mallaki dukan motocin da ke ɗaukar wasiƙa, da tashar da suke sauka, da littafin da ake rubuta sunayen masu aikawa. Kamfanin Facebook, wanda a yanzu ake kira Meta, ya saye ta cikin 2014 a kan kuɗi wajen miliyar 19 na dalar Amurka, kuma cikin 2020 masu aiki da ita suka zarce mutum miliyar 2.

Gaskiya ba ta ɓuya: tun watan Afrilu na 2016 WhatsApp tana kulle abin da ke cikin saƙo ta yadda sai mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke da mabuɗin. Ambulan ɗin a liƙe yake. To, amma abin da ke bayan ambulan fa? Lambar wanda ya aika, lambar wanda aka aika wa, lokacin da mutum yake hawa, irin talhon da yake riƙe da shi, da ƙungiyoyin da yake ciki, waɗannan kamfanin yana iya saninsu. Mai hankali ya san cewa in ka ga mutum kullum da dare yana ƙwanƙwasa ƙofar likita, ba sai ka ji abin da suka faɗa ba kafin ka gane halin da yake ciki. Cikin watan Janairu na 2021, da kamfanin ya sanar da sababbin sharuɗɗa game da bayanan jama'a, miliyoyin mutane suka yi ƙaura zuwa Signal da Telegram. Sai dai su ma waɗannan biyun kowace tana da tasharta guda. Signal ta yi fice wajen riƙon amana, ƙungiya ce wadda ba riba take nema ba, kuma ita ce ma ta ƙirƙiro kullin da WhatsApp ke aiki da shi. Duk da haka in aka toshe tasharta, ko injunanta suka tsaya, kowa ya tsaya.

Masu neman hanyar da ba ta da maigida ɗaya sun kasu gida biyu.

Na farko su ne masu bin tsarin gidan waya. Tsohuwarsu ita ce Jabber, wadda aka fara cikin 1999, daga baya aka sa mata suna XMPP. Wadda ta fi suna a yau ita ce Matrix, da Matthew Hodgson da Amandine Le Pape suka assasa cikin 2014, kuma manhajar da aka fi shiga cikinta da ita ana kiranta Element. A nan kowace ma'aikata, kowace jami'a, har ma mutum ɗaya mai sani, yana iya kafa tasharsa a kan kwamfutarsa, ya buɗe wa mutanensa, sa'an nan tashoshin su riƙa gaisawa da juna bisa ƙa'ida ɗaya wadda aka rubuta a fili, kowa na iya karantawa ya bincika. Amfanin wannan ga hukuma a bayyane yake. Faransa ta gina wa ma'aikatanta manhaja mai suna Tchap a kan Matrix cikin 2019, kuma cikin 2025 firaminista ya ba da umurni cewa da ita za a riƙa aika saƙonnin aikin gwamnati. Sojojin Jamus ma sun yi tasu, haka nan hukumar da ke kula da sadarwar asibitocin ƙasar ta zaɓi wannan tsari cikin 2021. Abin da suke gudu ɗaya ne: kada maganar ƙasa ta kwana a rumbun wani kamfani na ƙetare.

Ga ƙasa irin tamu, wadda ba ta da gaɓar teku, akwai ƙarin wani dalili. Ran 14 ga watan Maris na 2024 manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku suka lalace a gefen Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala kwana da kwanaki. Saƙon WhatsApp da ya tashi daga wani biro a Yamai zuwa biron da ke daura da shi, sai ya fita ƙasa ya je tashar kamfanin kafin ya komo. In kuwa tashar tana cikin Yamai, kuma layukan cikin gida suna lafiya, maganar Yamai da Damagaram ba ruwanta da abin da ya sami waya a ƙarƙashin teku.

Gida na biyu sun fi na farko tsanani, domin su ba su son tasha sam. Briar, wadda ta fito sosai cikin 2018, tana sa talho ya yi magana da talho kai tsaye: in akwai intanet ta bi ta hanyar ɓoye sawu da ake kira Tor, in babu ta bi ta Bluetooth ko Wi-Fi tsakanin mutanen da ke kusa da juna. Bitchat, wadda Jack Dorsey, ɗaya daga waɗanda suka kafa Twitter, ya fitar cikin Yuli na 2025, tana miƙa saƙo daga wannan talho zuwa wancan, kamar yadda ake miƙa bokiti hannu da hannu ranar gobara. Session kuma ba ta tambayar lambar talho ko suna. Tana ba mutum wata doguwar shaida mai haruffa da lambobi 66, sa'an nan saƙonsa ya ratsa injuna uku na mutane dabam-dabam, ba wanda ya san mafari da maƙura gaba ɗaya. Irin waɗannan su ake tunawa da su lokacin da aka yanke layi, abin da mu ma mun gani: cikin Fabrairu na 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yi wajen kwana 10 babu intanet a talhon hannu, kuma a Cadi an rufe shafukan zumunta wata 16, daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019.

To, in haka abin yake da kyau, me ya hana jama'a rungumarsa?

Babban dalili ba na fasaha ba ne. Kasuwa ba ta ci don an gina mata rumfuna masu kyau, tana ci ne don mutane sun taru. Wanda ya sa Element a talhonsa yau, ya buɗe ya tarar babu matarsa, babu abokin cinikinsa na Jibiya, babu ƙungiyar ƴan garinsu da ake sanar da suna da rasuwa, da wa zai yi magana? Bayan kwana uku zai koma inda ya fito. Ranar da Facebook ya tsaya, shugaban Telegram ya ce sun sami sababbin mutane miliyan 70, amma da gari ya waye WhatsApp ta komo, kasuwarta ta ci kamar jiya. Kuma tarihi ya nuna cewa babba yana iya shiga zumunci ya fita lokacin da ya ga dama: Google ya gina manhajarsa ta Google Talk a kan XMPP cikin 2005, jama'a suka yi murna, cikin 2013 ya juya wa tsarin baya ya tafi da mutanensa.

Dalili na biyu shi ne wahalar shiga. Mai buɗe WhatsApp lambarsa kawai zai sa, sai ya ga dukan waɗanda ya sani sun jeru. Mai buɗe Matrix kuwa za a fara tambayarsa tashar da ya zaɓa, alhali bai san ko mece ce tasha ba. Sa'an nan a ba shi wani dogon mabuɗi a ce ya adana, in ya ɓata tare da talhon, tsofaffin saƙonninsa sun rufu ke nan. Wanda ya manta kalmar sirrinsa a Briar ba shi da ofishin da zai kai kuka, sai ya sake sabon asusu ya nemi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne kuɗin ƴancin: inda ba mai riƙe maka mabuɗi, ba mai ba ka wani in naka ya faɗi. A ƙasar da fiye da rabin manya ba su yi lakwal ba, inda saƙon murya ya zama shi ne wasiƙar talaka, sai a auna a gani. Dattijon da jikansa ya nuna masa inda zai danna ya yi magana, yaya za a yi ya karanta wa ɗan'uwansa haruffa 66 na boko? Har wa yau manhajar da ba ta da tasha dole ta kwana a farke tana sauraro, watau tana shan batir, ga shi a ƙauyukanmu da yawa sai an biya kuɗi ake cajin talho. Bluetooth kuma ba ya wuce ƴan mitoci. Yana da amfani a cikin cunkoson kasuwa ko filin taro, amma tsakanin Dakwaro da Mayahi ba abin da zai yi.

Akwai kuma zancen kuɗi, wanda masu yabon abin ba su cika so a taɓo ba. Tasha tana son inji, wutar lantarki da ba ta yankewa, da gwanin da zai tsare ta dare da rana. Signal ta bayyana cikin 2023 cewa nan gaba kaɗan aikinta zai riƙa cin wajen dala miliyan 50 a shekara. Su kuwa masu riƙe da Matrix sun sha yin kukan cewa manyan hukumomi suna ɗaukar aikinsu kyauta ba su mayar da kome. Da yake kafa tasha ba wasa ba ne, mutane da yawa sai su tattaru a babbar tashar nan ta masu abin, a wayi gari abin da aka ce a rarrabe yake ya sake taruwa wuri ɗaya. Moxie Marlinspike, wanda ya kafa Signal, ya yi rubutu cikin 2016 yana cewa tsarin da ke hannun mutane da yawa nauyin jiki gare shi, domin kowane gyara sai an jira kowa ya yarda. Matrix kanta sai cikin 2020 ta mai da kulle saƙo ya zama abin da ke aiki da kansa a hirar mutum biyu.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da aka rubuta wa "sirri" a goshi amintacce ne. Ranar da aka buɗe Tchap, wani matashi masanin kwamfuta ya shige ciki da adireshin da ya yi kama da na fadar shugaban ƙasar Faransa, aka toshe ƙofar a ranar. Bridgefy, wadda masu zanga-zanga a Hong Kong suka dogara da ita cikin 2019, malaman wata jami'a ta Landan suka bincika ta cikin 2020 suka tarar ana iya karanta saƙonninta, a gane masu magana, har a tsai da ita. A cikin Matrix kuwa mai riƙe da tasha ba ya ganin abin da aka faɗa, amma yana ganin wa ya yi magana da wa, kuma duk tashar da ke da mutum cikin wata hira tana da nata kwafin wannan bayani. Amanar ba ta ɓace ba, wuri ta sake: daga hannun kamfanin da ke nesa ta komo hannun wani da wataƙila ka san shi, shi ma ya san ka.

Hukumomin tsaro su ma suna da nasu ƙorafi, kuma ba na banza ba ne, musamman a yankinmu na iyaka da ke fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Inda akwai maigida, shari'a tana da wanda za ta kama: cikin Agusta na 2024 Faransa ta tsare Pavel Durov, shugaban Telegram, a kan laifukan da ake aikatawa ta manhajarsa. Inda babu maigida, mabuɗin da ya kare likita da ɗan jarida shi ne zai kare mugu, kuma har yanzu ba a sami makullin da ke buɗe wa mai gaskiya kaɗai ba.

A ganinmu, duk inda wannan tsari ya kafu sosai, ba mutum ɗaya-ɗaya ne suka kafa shi ba; wata hukuma ce ta ɗauki nauyin inji da albashin gwanaye, ta ce wa mutanenta ga inda za a haɗu daga rana kaza. Ta haka aka warware matsalar kasuwar da babu kowa. Ma'aikatunmu, da Jami'ar Abdu Mumuni, da manyan asibitoci, inda takardun aiki da sakamakon gwajin marasa lafiya ke yawo a cikin talhon ma'aikata, su ne wuraren da ya kamata a fara gwadawa, da tasha a cikin ƙasa da samarinmu da suka karanci wannan fanni. Sai dai in za a yi, a sa menu da Hausa da Zabarmanci, a tabbata saƙon murya yana tafiya ko rezo ya yi rauni, kuma a rubuta a doka iyakar abin da mai tsaron tasha ke da izinin dubawa, da alƙalin da zai ba shi wannan izini.