Kamun Kifi A Amurka: Uba Na Gadin Ƙwai, Mai Fatsa Na Fakon Uba

A arewacin jihar Alabama ta ƙasar Amurka akwai wani makeken tafki da ake kira Guntersville. Ba tafki ne na asali ba. Gwamnati ce ta datse kogin Tennessee, aka gama aikin cikin 1939, domin samun wutar lantarki da sauƙin tafiyar jiragen ruwa, kamar dai yadda aka datse Kwara a Kainji. Ruwa ya taru ya shanye gonaki da kurmi, har ya mamaye wajen eka 69,000, tsawonsa kuwa ya kai mil 75. Duk jihar babu tafkin da ya kai shi girma. Amma yau idan aka ambaci sunansa, ba lantarki ke faɗo wa mutanen ƙasar a rai ba, sai wani kifi da suke kira bas.

Shi wannan kifi kore-kore ne, da baƙin zane a gefen jikinsa, ga baki wage-wage wanda ɗan kwaɗo ke shigewa ba tare da ya taɓa gefe ba. Wanda ya san giwan ruwa zai ga sun ɗan yi kama, sai dai bas bai ko kama ƙafar giwan ruwa wajen girma ba. Yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba, wanda ya kai kilo huɗu kuwa sai an ɗauki hotonsa an nuna wa dangi. Abin da ya sa Amurkawa suka ɗora masa rai shi ne faɗa. In ƙugiya ta kama shi sai ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai, sau da yawa ma ya tofar da ita ya yi tafiyarsa.

Ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu, masu wannan su ba don kasuwa suke yi ba. A Alabama doka ta hana sayar da bas ɗin da aka kamo a tafki, ta kuma hana kama shi da taru. Sai fatsa kaɗai, ita ma sai da lasin. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da tsofaffi 'yan fansho, waɗanda ke jawo jirage masu inji a bayan motocinsu tun da asuba, wani jirgin ma kuɗinsa ya fi na motar da ta jawo shi.

Lokacin da aka fi cika a tafkin shi ne bayan sanyi ya wuce, daga ƙarshen Maris har zuwa Yuni. Dalili kuwa yana cikin ruwan. Da zarar ɗuminsa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin santigiret, sai kifin ya baro zurfi ya nufo gaɓa domin hayayyafa. Namiji ne ke fara zuwa. Ya nemi wuri mai tsakuwa ko yashi inda ruwa bai fi ƙugun mutum ba, kusa da kututture ko ciyawa, ya sa wutsiya ya share laka har ya yi ɗan rami kamar faifai. Masunta da suka san yadda karfasa ke haƙa raminta a yashi ba za su yi mamaki ba. Sa'an nan mace ta zo ta zuba dubban ƙwai, ba ta daɗe ba ta koma zurfi abinta.

To, daga nan aiki ya koma kan uba. Shi ne zai tsaya bisa ramin dare da rana yana yi wa ƙwan fifita da fikafikansa, don kada laka ta rufe su. Cikin 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe, ya ci gaba da tsaron 'ya'yan har mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, sai sun watse. Duk tsawon wannan lokaci da ƙyar yake cin abinci. Kewaye da shi kuma ga wasu ƙananan kifaye masu faɗi kamar tafin hannu, ana ce da su bulugil, sun yi da'ira suna jiran ya kau da kai su afka wa ƙwan. Saboda haka duk abin da ya matso kusa, sai ya kai masa cafka.

A nan mai fatsa ke samunsa. Yakan tsaya a goshin jirgi da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, yana tafiya sannu da ɗan ƙaramin inji mai batir wanda ba ya ƙara, har ya hango farin rami da inuwar kifi a kansa. Sai ya jefa koton ƙarya, tanar roba ko ƙadangaren roba da ƙugiya a ɓoye cikinsa, ya ajiye shi tsakiyar ramin yana ɗan motsa shi. Ba yunwa ke sa kifin ya ɗauka ba. So yake ya fitar da baƙon daga kan 'ya'yansa. Wani ya ɗauka nan take, wani kuwa a yi awa guda ana tsokanarsa kafin haƙurinsa ya ƙare. Watau dai uban da ya fi kishin 'ya'yansa shi ne ya fi saurin shiga hannu, ragon uba kuwa ya gudu ya tsira.

Wannan shi ne abin da ya raba kan masu fatsa da masana shekara da shekaru. Masu bincike a tafkin Opinicon na lardin Ontario a ƙasar Kanada sun daɗe suna nitso suna ƙirga ramukan bas, suka kuwa ga cewa idan aka ɗauke uba ko da na 'yan mintoci ne, ƙananan kifayen nan sai su yi wa ƙwan wawa. In an sake shi ya dawo a gajiye ya tarar an yi ɓarna da yawa, sau da dama sai ya bar ramin gaba ɗaya, sauran ma su halaka. A can arewa sanyi na daɗewa, kifi ba ya hayayyafa sai cikin Mayu da Yuni, 'ya'yan kuma ba su da isasshen lokacin girma kafin ƙanƙara ta sake rufe ruwa. Shi ya sa a sassa da yawa na Ontario ba a buɗe kamun bas sai wajen ƙarshen Yuni. A jihar Niyok ma ba a yarda mutum ya tafi da shi gida ba sai daga ran 15 ga Yuni.

A kudu kuwa, inda Guntersville yake, babu wannan hani. Ana su duk shekara. Hujjarsu ita ce ɗumi na daɗewa, kifi ba ya zuba ƙwai lokaci guda, kuma rami kaɗan da suka tsira sun isa su cika tafki, tun da ciyawar ruwa ta yi yawa inda 'ya'yan za su ɓuya. Masana a jihar Fulorida sun gwada abin a tafkunan gwaji, ba su ga raguwar 'ya'ya ta a zo a gani ba. Kowane ɓangare da gaskiyarsa a ruwansa. Amma duk da haka, mutum ya tsaya awa guda yana tsokanar uban da ke kan ƙwai, ya cire shi ya ɗauki hoto, sa'an nan ya kira wannan gwaninta, abin da ɗan nauyi. Akwai tsofaffin masu fatsa a can da ba sa yi, ko da doka ta yarda.

Da Mayu ta yi nisa sai al'amari ya sake. Hayayyafa ta ƙare, kifi ya rame, yunwa ta taso. Da sassafe yakan bi ƙananan kifaye a bakin ciyawa, a nan ne ake jefa masa koto mai yawo a saman ruwa, ya fasa ruwa ya cafke a gaban idon mutum. Rana na ɗagawa, cikin Yuni, sai ya koma zurfi, garke-garke, a gefen tsohuwar hanyar kogin da ruwa ya binne tun 1939. Masu jirage na nemansa a can da wata na'ura mai nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa a kan allo kamar talabijin.

Yadda abin ya zama sana'a mai kuɗi kuwa, wani mutumin Alabama ne ya jawo, mai suna Ray Scott, wanda da can inshora yake sayarwa. Cikin Yunin 1967 ya shirya gasa a tafkin Beaver na jihar Arkansas, mutum 106 suka shiga, kowa ya biya dala 100. Shekara ta zagayo ya kafa ƙungiyar masu kamun bas. Gasannin farko duk kifin da aka kama kashe shi ake yi, a tara shi tsibi a bakin ruwa, mutanen gari suna kallo suna jin haushi, don a ganinsu baƙi sun zo za su ƙarar musu da kifi. Scott ya ga in aka ci gaba haka kasuwarsa za ta mutu, sai cikin 1972 ya kawo tsarin a kama a saki. Daga nan aka riƙa yin jirage da akwatin ruwa a ciki inda kifi ke zama da rai. A yawancin manyan gasanni mutum na kawo manyan kifayensa biyar a auna, wanda ya kawo matacce a rage masa maki, bayan awo kuma a mai da su ruwa. Babbar gasar shekara, wadda ake kira Bassmaster Classic, an yi ta a Guntersville cikin 1976 da 2014 da kuma 2020, inda wanda ya zo na ɗaya a ta ƙarshen, Hank Cherry, ya tashi da dala 300,000. Scott ya rasu a 2022.

Sai dai sakin ba ya warware matsalar uba mai gadi. Kifin da aka ɗauke daga raminsa da safe, aka yini da shi a akwati, aka sake shi da yamma a wurin awo mil da yawa daga inda aka kama shi, ya tsira da ransa, amma ƙwansa sun riga sun zama abincin wasu.

Kafin duk wannan zamani na gasa da akwati, su a ƙasar don tukunya ake yinsa, kuma bas mafi girma da aka rubuta a Amurka a tukunya ya ƙare. Ran 2 ga Yuni, 1932, lokacin da talauci ya game ƙasar, wani saurayi manomi a jihar Jojiya mai suna George Perry ya ga ruwan sama ya hana shi shiga gona, sai ya tafi su da abokinsa a wani ɗan tafki da ake kira Montgomery. Ya kamo bas mai nauyin laba 22 da oza 4, watau kilo goma da 'yan kai. Aka auna a garin Helena, ya aika da sakamakon ga gasar wata mujalla, ya ci kayan da suka kai dala 75. Kifin kuwa aka kai gida aka soya, iyali suka cinye.

Shekara 77 Amurkawa suna neman wanda zai karya wannan tarihi, har wasu suka ƙarar da dukiyarsu a kai. Da aka tashi samun kifin da ya kamo shi, ba a Amurka aka same shi ba, sai a Japan. Asali babu bas a can. Wani attajiri, Akaboshi Tetsuma, shi ya kai shi cikin 1925 ya zuba a tafkin Ashi, daga baya ya bazu, har aka fara ganinsa cikin 1974 a Biwa, tafki mafi girma a ƙasar. A nan ne ran 2 ga Yuli, 2009, wani mai suna Manabu Kurita ya kamo mai kilo 10.12. Ya ɗara na Perry da ɗan abin da bai kai oza biyu ba, dokar hukumar da ke rubuta irin wannan tarihi kuwa ta ce sai an ɗara da oza biyu cif, saboda haka cikin Janairun 2010 aka yanke cewa kunnen doki suka yi.

Masuntan Biwa na gado ba su yi murna da wannan suna da tafkinsu ya yi ba. A wurinsu bas annoba ne, shi da bulugil, don sun cinye 'ya'yan kifayen gida da mutanen wurin ke kamawa suna sayarwa tun kaka da kakanni, har da wanda suke tsimawa da shinkafa da gishiri su yi wani abincin gargajiya da suke ji da shi. Tun daga 2003 hukumar lardin Shiga ta hana mai fatsa ya mai da bas cikin ruwa in ya kama. An jera akwatuna a bakin tafkin inda ake zuba shi, a kwashe a yi taki da shi.