Motar Hoto, Hukuncin Gaske: Abubuwan Mamaki Daga Tseren Motocin Kwamfuta

Mutum ne zaune a ɗakinsa, sitiyari ɗaure a bakin tebur, birki da totur a ƙarƙashin ƙafarsa, yana tsere ta intanet da mutum ashirin da bai taɓa gani ba. In ya yi karo, ba ƙarfen da zai lanƙwashe, ba mai kwana a asibiti. Amma fa akwai waɗanda rashin ɗa'a a wannan fage ya raba da abincinsu.

Mu fara da iRacing, dandalin da aka buɗe wa jama'a a 2008. A can ba a ɓuya a bayan laƙabi, da sunanka na gaskiya za ka shiga, kowa ya san wa ya buge shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi kuwa shi ne John Henry, attajirin Amurka da kamfaninsa ya mallaki ƙungiyar Liverpool.

Lissafin laifi a tseren kwalta na wannan dandali ba wuya: ka sauka daga titi, maki 1, mota ta ƙwace maka ko ka daki bango, maki 2, ka yi karo mai ƙarfi da wata mota, maki 4. Abin mamakin shi ne na'urar ba ta tambayar wa ke da gaskiya. Wanda ya buga da wanda aka buga, kowa zai kwashi nasa. Sabon shiga yakan ga zalunci ne. Ni dai ina ganin hikimarsa, domin yana koya wa direba ya hango mai ganganci tun daga nesa ya ba shi wuri, tunda gaskiyarsa ba za ta goge masa maki ba.

Shi kuwa wasan Gran Turismo Sport, da ya fito a 2017, a lokacin da gasarsa ta intanet ke aiki, ba ya barin mutum ya shige ta sai ya zauna ya kalli bidiyo biyu a kan ladubban tuƙi.

Shekarar 2020 ce ta fi tara abin faɗa. Korona ta rufe filayen tsere, manyan direbobi suka koma gaban kwamfuta, duniya na kallo. A watan Mayu, Daniel Abt, Bajamushe mai tuƙa wa Audi a gasar Formula E, ya zo na uku a wani tsere da aka yi a kwaikwayon filin Berlin. Stoffel Vandoorne, wanda ya zo na biyu, ya ce sam wannan tuƙin ba na Abt ba ne. Da aka bi sawun layin intanet ɗin, sai ga shi ashe wani matashi ƙwararren ɗan wasan kwamfuta ne ya riƙe masa sitiyarin. Aka soke sakamakonsa, aka sa shi ba da Yuro 10,000 sadaka. Ya ce raha ya nufa, amma Audi ba ta karɓi uzurin ba, ya rasa kujerarsa a motar gaske. Tseren kuma na tara wa UNICEF taimako ne, abin da ya ƙara wa lamarin muni ke nan.

Kafin nan, a Afrilu, Bubba Wallace na gasar NASCAR ya yi karo da Clint Bowyer, ya fusata ya fice ana tsakiyar tsere. Kamfanin Blue-Emu da ke ɗaukar nauyinsa ya janye nan take. Mako guda bayan haka, a wani tseren kwamfuta, direba Kyle Larson ya furta kalmar cin zarafin baƙar fata, yana zaton ba kowa ke jinsa ba. Cikin kwana biyu ƙungiyarsa ta Chip Ganassi Racing ta sallame shi. Ya nemi afuwa, ya dawo a 2021 ya lashe kambun NASCAR.

Har Simon Pagenaud, wanda ya ci gasar Indy 500 ta gaske a 2019, ya sha suka a Mayun 2020, bayan da a wani tseren kwamfuta ya tare Lando Norris da ke kan gaba suka yi karo.

Akwai kuma al'adar da ta fi burge ni, wadda a ƙungiyoyi da yawa ba sai alƙali ya yi magana ba. Ka taɓa bayan motar wani a kwana, ta juya da shi. Hanya ta buɗe maka, ga matsayi a hannu. Sai ka ɗaga ƙafa daga totur, ka raɓe gefe, motoci biyar su wuce ka, kana jiran ya miƙe ya shige gabanka. Bayan tsere ka rubuta masa ban haƙuri. Wanda ya yi haka, gobe kowa zai yarda ya jera da shi a kwana ba fargaba.

Ita ma na'ura sai da aka koya mata wannan ladabi. Lokacin da Sony ke horar da GT Sophy, ƙirƙirarriyar basirar da ke tuƙi a Gran Turismo, masu binciken sun ce ɗa'ar tsere na cikin abubuwan da suka fi ba su wahala. In an tsananta mata hukuncin karo sai ta zama matsoraciya, kowa ya wuce ta. In an sassauta sai ta riƙa ture mutane daga hanya. A Yulin 2021 gwanayen wasan suka fi ta maki a karawar farko. A Oktoban shekarar ta dawo ta doke su.