Girman Kai Rawanin Tsiya

Yau maganarmu a kan wani hali ne da ke hana majinyaci warkewa, watau girman kai. Za mu yi misali da tarin fuka, wanda a ke kira tibi.

A shekarar 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano ƙwayar cutar da ke kawo wannan tari. Ashe ba sammu ba ne, ba kuwa gado ba ne. Ƙwayar ta kan bi iska in mai ciwon ya yi tari, wanda ke kwana ɗaki guda da shi ya shaƙa.

To, kai maigida a Hanwa, in ka yi mako biyu kana tari, ga zazzaɓi, ga zufa da dare, ga rama, akwai abu uku da za ka saki.

Na farko, ka saki ɓoyo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ka ce, "Kamata ni in bi layi?" Tafi ɗakin shan magani, a auna kakinka. Nan ƙasar Zazzau ma, a Saye, akwai cibiyar gwamnati inda a ke koya wa ma'aikata aikin tarin fuka da kuturta. Maganin kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Na biyu, ka saki "na sani". Maganin na wata 6 ne, kullum ba fashi: wata 2 na farko iri 4 a haɗe, sa'an nan wata 4 iri 2. In fitsarinka ya yi ja-ja kada ka firgita, aikin ɗaya daga cikinsu ne. Bayan 'yan makonni tari zai lafa, zuciya ta ce maka ka warke. Kada ka yarda. Ƙwayoyin da su ka yi saura su kan taso da taurin kai, har maganin farko ya kasa kashe su. Likita ne zai ce ka warke, bayan ya sake awo.

Na uku, ka saki mulki. A kan sa wani ya riƙa duba ka kana haɗiye magani, ko malamin asibiti, ko wani na gida. Ko matarka ce, ko ɗan cikinka, bar shi ya yi aikinsa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Dubi maƙeri. Ƙarfe sai ya yi laushi a wuta kāna ya zama fartanya. Haka mutum, in ya sassauta ya karɓi taimako, hankalinsa ya kan kwanta, har dabara ta zo masa: ya haɗa shan magani da sallar asuba don kada ya manta, ya buɗe taga, ya kawo yaransa a duba su.

Ka yi naka, sauran ka bar wa Allah. Allah ya ba mu lafiya, amin.