Duma a Gindin Danga, Kyanwa a Gidan Haya

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Sandamu ko Baure ko Zango a watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, ya ga yadda duma yake yi da danga. Ƙwaya biyu ko uku ce tsohuwa ta binne a gindin dangarta da saukar ruwan shuka. Kafin a ankara ya yi yaɗo, ya kama kara, ya haye, ya sauka ta wancan gefen, har ya ɗare rumbun maƙwabta ya baje ganye. Saiwar tana gidanta, nauyin kuwa yana kan dangar gida biyu. Shi ya sa waɗanda suka iya zama da mutane ba sa shuka shi a ɓoye. Sai tsohuwar ta leƙa wurin maƙwabciyarta ta ce, "Yaya, zan ɗan sa duma a nan, in ba zai takura muku ba." Waccan ta ce, "Haba, sa mana, ai ma samu na ludayi." Daga ranar duman ya zama da sanin kowa. In akuya ta ci ganye a ba da haƙuri, in danga ta ranƙwafa a haɗu a tokare ta.

A cikin garin Daura yanzu zaman haya ya yawaita. Ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga makarantar koyon aikin lafiya, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta gwamnatin tarayya da aka kafa a 2019, ga jami'ar sufuri da aka aza harsashinta ita ma a 2019. Ɗalibai da ma'aikata da masu yi wa ƙasa hidima sun shigo, suna karo-karo su kama ciki da falo a Sabon Gari ko Tudun Wada, madafi ɗaya, banɗaki ɗaya. A irin wannan zaman ne wata yamma ɗaya daga cikinsu za ta dawo da kwali a hannu, a buɗe a ga 'yar mage tana kyarma. "Anti, dubi abar tausayi, a bakin kwata na tsince ta. A ɗakina za ta zauna, ni zan riƙa ba ta abinci."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma tausayin da ta ji abin yabo ne. Sai dai ta yi alkawarin da ba ita ke da ikon cikawa ba. Kyanwa ba ta san ɗakina da ɗakinki ba. Ta taga za ta bi, ta naɗe a kan kayan da abokiyar zama ta goge na zuwa aiki, ta bar musu gashi. Za ta sa hannu ta ture murfin tukunya har sai ta kai ga kifin da aka ajiye na miyar gobe. Za ta tona ƙasar kusa da wurin alwala ta yi bukatarta ta binne. In lokacin barbara ya zo, muzuran unguwa su taru a kan kwano da tsakar dare suna kuka kamar jarirai, kuma wadda ke da jarrabawa da safe ita ma da kunnenta.

Ina son kyanwa, kuma ina ganin gida yana ƙaruwa da ita. Rumbu ne ya haɗa ta da ɗan Adam tun farko: inda hatsi ya taru ɓera ya taru, ita kuma ta biyo ɓera. A tsibirin Kuburus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da kyanwa a kusa da juna. A ƙasar da ake fama da zazzaɓin Lasa, wanda ɓera ke yaɗawa, tun da aka gano shi a garin Lassa na Borno a 1969, duk abin da zai rage ɓera a madafi ba abin rainawa ba ne. Ta fuskar addini ma ba ta da matsala. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya nuna ba najasa ba ce, kuma kowane ɗan islamiyya ya san 'yar kyanwa ce ta jawo wa Abu Huraira laƙabinsa.

Duk da haka abokin zama yana da nasa haƙƙin. Mai asma na iya kwana a zaune saboda wani sinadari da ke cikin miyau da fatar kyanwa, wanda take shafe jikinta da shi in tana lasa. Mai juna biyu likitoci kan hana ta kwashe kashin kyanwa saboda ƙwayar cutar da ke iya taɓa ɗan tayi. Wani yana kiwon tattabaru ko 'yan tsaki a bayan ɗaki. Wata kuma tsoro ne kawai, tun tana yarinya ake ba ta labarin baƙar mage da aljanu, in ta ga idanun nan suna ƙyalli a duhu sai jikinta ya ɗauki rawa. Ko da ba ka yarda da labarin ba, tsoron nata gaskiya ne, kuma ita ma ta biya kuɗin hayarta.

Inda aka fi samun kuskure shi ne wajen kara. Mu mutane ne masu kunya. In aka riga aka shigo da mage, ga ta tana shan madara a murfin roba, wa zai buɗe baki ya ce a mayar da ita kwata? Sai abokiyar zama ta ce "ba komai", alhali akwai komai. Wannan amincewa ce ta dole, kuma ba ta daɗewa. Bayan wata biyu sai ka ji an fara "ki zo ki ga abin da magenki ta yi", daga nan a daina haɗa girki, daga nan a daina gaisawa. A ƙarshe kyanwar ce ke kwana a ciki: a kai mata duka da tsintsiya in uwar ɗakinta ba ta nan, ko a barbaɗa shinkafar ɓera a lungu ba tare da an faɗa ba, ta ci ɓeran da ya ci ta mutu. Tambayar kirki ita ce wadda aka yi tun kwali bai shigo gida ba, lokacin da mutum zai iya cewa a'a bai ji nauyi ba.

Duma in ya yi yaɗo 'ya'ya yake yi, kuma sau da yawa a gefen maƙwabta suke reto. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata shida, ta haihu bayan kamar mako tara, 'ya'ya uku zuwa biyar, kuma tana iya maimaitawa sau biyu ko uku a shekara. Wurin haihuwa ita ke zaɓa, wataƙila cikin akwatin zannuwan wadda ba ta so zuwanta ba. Ya kamata a san wa zai kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, wa zai biya, kuma ina za a kai 'ya'yan. A kuma gaya wa kowa a gidan kada a ba ta farasitamol don an ga ba ta da lafiya, kashe ta yake yi.

Akwai inda misalin duma ya gaza. Duma da kaka yake bushewa, a fafe ƙwarya a raba, a ƙone yaɗon. Kyanwa rai ce, tana kai shekara 12 zuwa 15 in ta samu kulawa. Difloma shekara biyu ce, hidimar ƙasa shekara ɗaya. Ko kafin nan ga dogon hutu, a sa kwaɗo a ƙofa a tafi Funtuwa ko Kano. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai riƙe ta lokacin hutu, da wanda zai tafi da ita in zama ya ƙare, tun ranar farko ake sanin su.

In kuwa abokiyar zama ta ce ba za ta iya ba, tausayi bai ƙare ba. Ana iya nema wa 'yar magen gida a wurin mai shagon hatsi ko gidan da ke da rumbu, inda ake nemanta ido rufe, ko a riƙa ajiye mata ruwa da ragowar abinci a wajen ƙofa har ta yi ƙwari.