Gulbin Maradi: Ruwa Ɗaya, Ƙasa Biyu

Shirinmu na yau zai bi sawun wani gulbi da ke fita daga Najeriya, ya yi yawo a Nijar, sannan ya dawo gida.

Daga jihar Katsina ruwan yake gangarowa. A Jibiya ana kiransa kogin Gada. Da ya tsallaka iyaka sai ya zama Gulbin Maradi, ya ratsa yankin Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake karkatowa Najeriya ya faɗa kogin Rima, wanda madatsar Goronyo ke tare ruwansa.

Idan damina ta yi kyau gulbin ya cika ya batse, sai ya malala cikin fadamu ya kwanta. Ruwan da ƙasa ta sha a lokacin shi ne manomin rani ke jawowa daga rijiya da ɗan injinsa, ya shayar da tumatir da albasa da zogale a lambunan Jiratawa. Tun da aka gina madatsar Jibiya, sama da shekara talatin ke nan, wannan lissafi ya sauya. Idan an riƙe ruwa a sama, rijiyar ƙasa sai ta yi nisa, kuɗin mai ya ƙaru. Idan kuma an sako shi ba sanarwa, shukar da ke bakin gulbi ce ke tafiya.

Ba a rasa doka ba. A ranar 18 ga Yulin 1990, ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri, wadda ta tanadi raba ruwa bisa adalci a rafuka huɗu da suka haɗa su, har da wannan gulbi da Komadugu Yobe. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai. Abin da ya rage shi ne maganar ta sauko daga takarda zuwa bakin lambu: a sanar da ranar buɗe madatsa ta gidajen rediyo, a riƙa musayar awon ruwa, a ba ƙungiyoyin manoman Jibiya da na Madarunfa kujera a wurin yanke shawara.

Masu sauraro, a harkar ruwa na sama a nan shi ne na ƙasa a can. Najeriya ce ke riƙe da Jibiya, amma Nijar ce ke gina madatsar Kandaji a kan kogin Kwara, kafin ruwan ya iso Kainji. Adalcin da aka yi wa manomin Jiratawa yau, shi za a nema wa na Yawuri gobe.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Mu kwana lafiya.