Yadda manhajar MODFLOW za ta taimaka wa masu haƙa rijiya a Dabai

Garin Dabai da ke ƙasar Zuru na zaune ne kan dutse mai tauri, inda ruwa ke taruwa a tsagogi da ruɓaɓɓen saman dutsen kawai. Shi ya sa wasu rijiyoyin burtsatse kan ƙafe da rani.

MODFLOW, wadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta fitar a 1984, kyauta ce. Ana sauke ta tare da manhajar ModelMuse a kwamfuta mai Windows, a raba taswirar yankin gida-gida, a shigar da bayanan ruwan sama, zurfin rijiyoyi da adadin ruwan da ake ɗiba. Sai ta lissafa yadda ruwan zai ja baya.

Amma lissafinta ya fi dacewa da ƙasa mai yashi. A Dabai, wajibi ne a gwada sakamakon da awon rijiyoyin garin kafin a kashe kuɗin haƙa.