Haɗarin Tarin Fuka Mai Bijire wa Magani ga Yara Ƙanana

Gabatarwa

Tarin fuka tsohuwar cuta ce, amma ba a gano ƙwayar da ke haddasa ta ba sai a shekarar 1882, a hannun wani likita Bajamushe, Robert Koch. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana halin da yaro kan shiga idan yana zaune gida ɗaya da mai wani nau'in cutar wanda magungunan da aka saba ba sa cin sa.

Yadda ƙwayar ke bijirewa

Ginshiƙan maganin tarin fuka guda biyu ne, watau isoniyazid da rifamfisin, kuma akan haɗa su da wasu a sha har wata 6. Idan majinyaci ya yanke sha don ya ji sauƙi, ko kuwa maganin ya yanke masa, sai ƙwayoyi masu rauni su mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum wajen 400,000 ne suka kamu da irin wannan nau'i, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da abin ya fi ƙamari.

Matsayin yaro

Hausawa kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To, a nan ba haka abin yake ba, domin yaron da bai taɓa haɗiyar ƙwaya ɗaya ta magani ba yana iya shaƙar ƙwayar cutar da ta riga ta bijire. A iska take yaɗuwa in mai ita ya yi tari, kuma yaro shi ne a goye, shi ne a cinya, shi ne mai kwana ɗakin uwa ko na kaka.

Haɗarin ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 5, musamman waɗanda ba su kai 2 ba, da masu tamowa ko cutar ƙanjamau. Babba yana iya ɗaukar ƙwayar shekara da shekaru ba ta motsa ba, amma a jikin jariri takan tashi cikin 'yan watanni, har ta wuce huhu ta haddasa sanƙarau. Allurar BCG da ake yi wa jarirai tana rage wannan mummunan nau'i, sai dai ba ta hana kamuwa gaba ɗaya.

Bugu da ƙari, gane cutar a jikin yaro abu ne mai wuya. Ba ya iya fitar da kaki, kuma ƙwayoyin da ke huhunsa kaɗan ne. Alamunta, kamar rama da zazzaɓi da rashin kuzari, sukan yi kama da na wasu cututtukan. Saboda haka likita yakan dogara da hoton ƙirji da kuma labarin wanda yaron ya zauna da shi. In aka ɓoye masa cewa tarin uban mai bijirewa ne, sai ya ba ɗan maganin da ba zai yi aiki ba.

Rigakafi

Da can, abin da akan yi wa irin waɗannan yara shi ne a sa musu ido kurum. Amma bincike biyu da aka gudanar a Afirka ta Kudu da Biyetnam sun nuna cewa shan lebofuloksasin kullum har wata 6 yana rage haɗarin da kimanin kashi 60 cikin 100. A kan haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a shekarar 2024, bayan an tabbatar cutar ba ta riga ta tashi ba.

Kammalawa

A taƙaice, ranar da aka gano wannan cuta a jikin babba, ranar ce ya kamata a kai yaran gidan asibiti a duba su, ko da kuwa suna wasa da dariya. Kunyar a ce gidan wane akwai tarin fuka ba ta kai zafin rashin ɗa ba.